Otto Warburg da Yunwar Ƙwayar Cutar Daji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na sharhi. Yau ƙasar Jamus muka nufa, domin mu duba aikin Otto Warburg, masanin sinadaran jikin halittu wanda aka haifa a garin Freiburg a shekarar 1883, ya kuma mutu a birnin Balin a shekarar 1970. Duk ɗalibin likitanci da ya karanci yadda ƙwayar halitta ke sarrafa abinci ya ci karo da sunansa, haka kuma duk mai bincike a kan cutar daji, ko yana goyon bayan ra'ayinsa ko yana sukar sa, sai ya ambace shi kafin ya shiga tasa maganar. Abin da ya ja hankalinmu gare shi kuwa shi ne, abin da ya auna da hannunsa shekara ɗari da ta wuce yana nan daram, alhali bayanin da ya ɗora a kan wannan awo, wanda ya kare shi da zafin rai har ƙarshen rayuwarsa, bincike bai gaskata shi ba.

Warburg ya tashi ne a gidan ilimi. Mahaifinsa, Emil Warburg, babban farfesa ne a fannin fiziks, kuma manyan masana irin su Max Planck da Albert Einstein sukan ziyarci gidansu a Balin. Ya karanci kimiyyar sinadarai a hannun Emil Fischer, ya sami digirin digirgir a 1906, sannan ya wuce Heidelberg ya kammala karatun likita a 1911. Tun yana wannan karatu yakan je wata cibiyar nazarin halittun ruwa da ke Napoli a ƙasar Italiya, inda ya gano cewa ƙwan bushiyar teku, da zarar maniyyi ya shige shi ya fara rarrabuwa, iskar oksijin da yake sha takan ninka har kusan sau shida. Daga nan tambayar da ta bi shi tsawon rayuwa ta samo asali: idan girma yana tafiya da ƙarin numfashi, yaya numfashin ƙari yake, tunda shi ƙari girma ne wanda ba ya tsayawa? Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa aiki, domin ya shiga rundunar sojan doki, har ya ji rauni a fagen daga, kuma a 1918 Einstein ya rubuta masa wasiƙa yana roƙon sa da ya bar yaƙi ya koma ɗakin bincike. Ya ji wannan shawara, ya koma cibiyar binciken da yake aiki a unguwar Dahlem a Balin.

Kafin mu faɗi abin da ya gano, ya kamata mu tsaya a kan kayan aikinsa, domin a ganina nan ne gwanintar mutumin take. Warburg yakan yanko nama, na hanta ko na ƙoda ko na ƙarin da aka ciro daga jikin ɓera, ya fere shi siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, saboda ya yi lissafi ya ga cewa idan yankin ya wuce haka iska ba za ta kai ga ƙwayoyin da ke tsakiyarsa ba, kuma awon zai lalace. Sai ya jefa yankin cikin wata 'yar kwalbar gilas mai ruwan gishiri da sukari, ya haɗa bakin kwalbar da wani siririn bututu mai lanƙwasa wanda ke ɗauke da ruwa mai launi, ya tsoma kwalbar cikin kwamin ruwa mai ɗumin jikin mutum, wata na'ura tana girgiza ta ba fasawa. A tsakiyar kwalbar akwai wani ɗan gurbi da ake zuba sinadarin da ke tsotse iskar da naman ya fitar, saboda haka duk oksijin da naman ya sha sai matsin iskar cikin kwalbar ya ragu, ruwa mai launin nan ya motsa a cikin bututu, mai bincike kuma yana zaune da agogo da alƙalami yana rubuta inda ya kai bayan kowane 'yan mintoci. Da irin wannan 'yar kwalba aka mayar da numfashin nama mai rai abin da za a iya rubutawa da lamba, kuma shekaru da dama da wuya a shiga ɗakin binciken sinadaran jiki a Turai ko Amurka ba a tarar da jerin waɗannan kwalabe suna kaɗawa ba.

Ƙwayar halitta tana da hanya biyu ta ciro ƙarfi daga sukarin da ke cikin jini, wato gulukos. Hanya ta farko ita ce ta fasa shi gida biyu ta tsaya nan, abin da ya rage ya zama sinadarin laktik, wanda shi ne mai sa nono ya yi tsami. Wannan hanya ba ta buƙatar oksijin, amma ribarta kaɗan ce, ƙwaya biyu kacal na sinadarin ATP, wanda jiki ke amfani da shi wajen gudanar da ayyukansa. Hanya ta biyu ita ce a shigar da gutsattsarin sukarin cikin wani sashe na ƙwayar da ake kira mitokondiriya, a ƙone shi sarai da oksijin, a sami ATP wajen talatin. Tun zamanin Louis Pasteur aka san cewa idan iska ta wadata, yisti yakan rage bin hanya ta farko. Abin da Warburg da abokan aikinsa suka wallafa a 1924 shi ne, ƙwayoyin cutar daji suna zuƙar sukari fiye da kima suna kwararo laktik, ko da kuwa an wadata su da oksijin. Shekara guda bayan haka, Carl Cori da matarsa Gerty Cori suka gwada batun a jikin dabba mai rai a Amurka: suka sami kaza mai ƙari a fiffike ɗaya, suka ɗebi jinin da ke fitowa daga kowane fiffike, sai suka tarar jinin ɓangaren ƙarin ya fi ƙarancin sukari, ya kuma fi yawan laktik.

A 1931 aka ba Warburg lambar yabo ta Nobel, kuma ina roƙon masu sauraro su riƙe dalilin bayar da ita, domin za mu buƙace shi nan gaba. An ba shi ne saboda gano yanayin enzayim ɗin da ke sa ƙwaya ta iya amfani da oksijin, enzayim kuwa sinadari ne da ke hanzarta wani aiki a cikin jiki. Hanyar da ya bi tana da ban sha'awa. Ya lura cewa iskar kabon monoksaid, wato irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta, tana tsayar da numfashin yisti a cikin duhu, amma da an haska fitila sai numfashin ya dawo. Sai ya riƙa haska launin haske daban-daban yana auna ƙarfin da kowanne ke da shi wajen kuɓutar da numfashin, har ya fitar da siffar wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe, ɗan'uwan wanda ke sa jini ya yi ja, ba tare da ya taɓa ware shi ya riƙe a kwalba ba. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe masa cibiya tasa ta kansa a Dahlem da tallafin gidauniyar Rockefeller ta Amurka.

Mutane da yawa ba su san cewa aikin da ya yi bayan samun lambar ya fi shiga rayuwar asibiti ba. Shi da mataimakinsa Walter Christian ne suka gano cewa nikotinamaid, wanda dangin bitamin B ne, yana cikin sinadaran da ke jigilar haidurojin a cikin ƙwaya, suka kuma lura cewa idan waɗannan sinadarai suka ɗauki kayansu sukan sha wani haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 340. Wannan ya ba da damar a bi aikin enzayim da na'urar auna haske cikin mintoci, kuma a kan wannan dabara gwaje-gwajen jini da yawa suke tafiya har gobe, ciki har da wasu da likita kan tura mutum ya yi idan ana zargin hanta. Su ne kuma suka fara gano enzayim ɗin da yau ake kira G6PD, wanda ƙarancinsa ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka, yana jawo shawara ga wasu jarirai, yana kuma fasa jajayen ƙwayoyin jini idan mai shi ya sha wasu magunguna.

Tasirin malami kuma akan gan shi a jikin waɗanda suka zauna a gabansa. Hans Krebs ya yi aiki a ɗakin binciken Warburg daga 1926 zuwa 1930, kuma da dabarar yanka nama siriri da kwalbar awon nan ya gano yadda hanta ke ƙera sinadarin yuriya, wanda ke fita cikin fitsari, a 1932, sannan a 1937, bayan ya yi hijira zuwa Ingila, ya gano zagayen da ake ƙona abinci a cikin ƙwaya, wanda ake kira da sunansa. Hugo Theorell na Suwidin da George Wald na Amurka su ma sun ratsa ta hannunsa, kuma dukkan su ukun sun sami lambar Nobel daga baya. Sai dai Warburg bai cika son tara ɗalibai ba. Ya fi amincewa da ƙwararrun masu aikin hannu irin su Erwin Negelein da Fritz Kubowitz, waɗanda ya horar da kansa, masu yin abin da aka ce ba tare da gardama ba. Wannan tsari ya ba shi awo mai tsafta, ya kuma raba shi da wanda zai dube shi ido da ido ya ce masa ya yi kuskure.

Zamansa a Jamus lokacin mulkin Nazi batu ne da masana tarihi ba su gama tattaunawa a kai ba. Dangin mahaifinsa Yahudawa ne, kuma yayin da aka kori Krebs daga aiki a 1933, wani takwaransa masani, Otto Meyerhof, ya tsere a 1938, shi Warburg ya ci gaba da riƙe cibiyarsa. An tsige shi a 1941, amma ba a jima ba aka mayar da shi. Da yawa suna danganta hakan da tsoron cutar daji da ya addabi Hitler, wanda sankarar mama ta kashe mahaifiyarsa a 1907. Ko ma mene ne dalili, zaman ya rage masa daraja a idon takwarorinsa da suka yi gudun hijira, kuma ƙarshen yaƙi ya same shi ba kayan aiki, domin sojojin Tarayyar Sobiyet sun kwashe su.

To, mu dawo kan bayanin da ya bayar. Warburg ya yi imani cewa abin da ke mayar da lafiyayyar ƙwaya ta zama ta daji shi ne lalacewar na'urar numfashinta, lalacewar da ba ta gyaruwa, wadda ke tilasta mata dogaro da hanyar laktik don ta rayu. Ya shimfiɗa wannan ra'ayi a mujallar Science a 1956, kuma a cikin shekarar wani masani Ba'amurke, Sidney Weinhouse, ya mayar masa da martani da hujjar awo, yana nuna cewa ƙwayoyin daji da yawa suna shan oksijin suna ƙona abinci kamar sauran ƙwayoyi. Warburg bai sauya ko wasali ɗaya ba. A taron masu lambar Nobel da aka yi a Lindau a 1966, ya tsaya ya ce an riga an san babban musabbabin cutar daji, wato maye gurbin numfashi da hanyar tsamin sukari. Irin wannan taurin kai ya nuna a wata jayayyar da ya yi da Robert Emerson na jami'ar Illinois a kan yawan hasken da tsiro ke buƙata kafin ya fitar da oksijin, inda Warburg ya kafe a kan ƙwayar haske huɗu, Emerson ya ce takwas zuwa goma, kuma bincike ya ba Emerson gaskiya.

Da ya mutu, fagen ya riga ya juya masa baya. An gano siffar DNA a 1953, kuma a 1976 Harold Varmus da Michael Bishop suka nuna cewa ƙwayoyin gado, wato sassan DNA, masu jawo cutar daji asalinsu namu ne, na cikin jikinmu, waɗanda suka sami tangarɗa. Kuɗin bincike da hazikan matasa duk suka karkata can, nazarin sukari da laktik ya zama tsohon yayi. Ko sunan da ake kiran abin da ya gano da shi yau, wato tasirin Warburg, wani masani ne mai suna Efraim Racker ya raɗa shi a 1972, bayan mai sunan ya bar duniya.

Likitocin ɗaukar hoto ne suka fara cin moriyar awonsa a aikace. A 1976 aka fara yi wa ɗan Adam allurar wani sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin mai fitar da haske, a jami'ar Pennsylvania. Ƙwaya takan haɗiye wannan sukari kamar na gaske, amma ba ta iya ƙarasa sarrafa shi, sai ya maƙale a cikinta, saboda haka duk inda ake zarin sukari a jiki yakan bayyana a na'urar hoto ta PET. Da haka likita ke ganin inda cutar ta yaɗu, ya kuma gane ko magani yana ci. Sinadarin fulorin ɗin yana rasa rabin ƙarfinsa a cikin minti 110, wanda ke nufin dole injin da ke ƙera shi ya kasance kusa da asibiti, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa hoton yake da tsada da wuyar samu a ƙasashenmu.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sai hanyoyin biyu suka haɗu. A 1997 ɗakin binciken Chi Van Dang a jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa wata ƙwayar gado mai jawo daji, wadda ake kira MYC, ita ce da kanta ke kunna enzayim mai ƙera laktik. Gregg Semenza, wanda ya sami lambar Nobel a 2019 tare da William Kaelin da Peter Ratcliffe, ya gano makunnin da ƙwaya ke amfani da shi idan iska ta yi ƙaranci, aka kuma tarar ƙari da yawa sun bar shi a kunne. Wato a mafi yawan lokuta tangarɗar gado ce ke zuwa farko, zarin sukari ya biyo baya, akasin jerin da Warburg ya tsara. A 2009 Matthew Vander Heiden da Lewis Cantley da Craig Thompson suka wallafa maƙalar da ta zama madogara ga masu wannan fanni, inda suka ce tambayar ribar ATP ba ita ce ta fi damun ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu ba, domin sukari ba ya yanke mata a cikin jini. Abin da take nema shi ne kayan da za ta gina sabuwar ƙwaya da su, kitse da furotin da tubalan DNA. Mai ginin ɗaki ba ya tura azararsa cikin murhu, komai kyawun wutar da za ta bayar. Shekara biyu bayan haka Douglas Hanahan da Robert Weinberg, waɗanda a 2000 suka lissafa siffofi shida na cutar daji ba tare da sun sa batun sarrafa abinci ba, suka sabunta jerin nasu suka shigar da shi.

Adalci ne kuma a faɗi inda tunanin dattijon ya kusanci gaskiya. A 2000 da 2002 an gano wasu nau'o'in ƙari na gado, waɗanda ba su da yawa, da ke tasowa saboda lalacewar enzayim na cikin zagayen Krebs, wato tsakiyar na'urar numfashi. A 2008 aka sami tangarɗa a enzayim ɗin IDH1 a cikin ƙarin ƙwaƙwalwa, shekara guda bayan haka aka gane cewa gurɓataccen enzayim ɗin yana ƙera wani baƙon sinadari da ke hana ƙwaya balaga ta kama aikinta. Daga wannan ne aka ƙera magunguna: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da enasidenib a 2017 da ivosidenib a 2018 domin wani nau'in sankarar jini, sannan vorasidenib a 2024 domin wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa. Waɗannan magunguna suna amfani ne ga marasa lafiyar da gwaji ya tabbatar suna ɗauke da wannan tangarɗa ko makamanciyarta a enzayim ɗin IDH2 kaɗai, kuma yunƙurin da aka yi na kashe ƙari ta hanyar toshe masa sukari gaba ɗaya bai haifar da abin da aka yi fata ba, tunda ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini su ma da sukarin suke rayuwa.

Wannan ya kawo mu ga saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, masu cewa wani Bajamushe ya ci lambar Nobel saboda ya gano musabbabin cutar daji, kuma wai barin sukari ko shan ruwan da aka ce yana kashe tsamin jiki ya isa magani. Kun ji dai dalilin da ya sa aka ba shi lambar, kuma babu cutar daji a ciki. Jiki yana tsare ma'aunin tsamin jini tsakanin 7.35 da 7.45 ta hanyar huhu da ƙoda, abin da mutum ya sha ba ya kawar da shi daga nan, kuma ko mutum ya daina cin duk wani abu mai zaƙi, hantarsa za ta ƙera gulukos daga furotin ta zuba a jini. Rage sukari yana da amfaninsa wajen kauce wa ƙiba, wadda ke ƙara haɗarin wasu nau'o'in daji, amma macen da ta ji kulluttu a mamanta ta zauna gida tana bin irin wannan saƙo, lokacin da tiyata za ta iya cetonta ne take ɓatawa.

Su kuwa masu bincike sun koma ga aikin da Warburg ya fi ƙwarewa a kai, wato awo, sai dai yanzu a jikin majiyyaci suke yin sa maimakon kwalba. A jihar Texas, Ralph DeBerardinis da abokan aikinsa sun riƙa ɗura wa masu sankarar huhu sukari mai alama ta jijiya gab da shiga tiyata, sannan su bi sawun alamar a cikin ƙarin da aka ciro. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗannan ƙari suna ƙona sukari a mitokondiriya fiye da lafiyayyen huhun da ke kewaye da su, kuma ko a cikin ƙari guda wani ɓangare ya bambanta da wani. A 2017 suka ƙara da cewa laktik ɗin da aka daɗe ana ɗauka shara ce da ƙwayar daji ke zubarwa, wasu ƙarin huhu suna janyo shi daga jini su yi makamashi da shi.